Daga Huhun Goro Zuwa Jinin Jariri: Aikin Enzayim a Zangon Agege

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki sana'o'in Hausawan Agege da ke Legas ta yi bayanin yadda enzayim ke aiki a jikin tsirrai, dabbobi da mutane. Matsayarta ita ce, masu sana'a sun daɗe da ƙwarewa wajen sarrafa enzayim a inda ido ke ganin sakamakon aikinsa, amma a inda aikin ya ɓuya cikin jini da jijiya, rashin sanin dalili yana cin rayuka, musamman na jarirai.

Goron da ya sauya launi

A gutsuri farin goro a ajiye ragowar a kan tire. Kafin a gama gaisawa da tambayar mutanen gida, wurin da haƙori ya taɓa ya fara yin ja-ja, jim kaɗan ya rine ya koma ruwan ƙasa. 'Yan goron Agege sun saba da wannan, ba sa ma kallonsa sau biyu. Abin da suka haƙiƙance shi ne goron da ya ji rauni ba ya daɗewa, kuma ba ya kuɗi. Shi ya sa idan an kwance huhu ake zama a tsince shi ɗaya bayan ɗaya, a ware wanda ya ƙuje da wanda ƙwaro ya huda, a sauya masa ɗanyen ganye, a yayyafa ruwa daidai misali, a kawar da shi daga rana da iska.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta goro akwai sinadarai dangin fenol, su ne ke ba shi bauri. Akwai kuma wani furotin da masana ke kira folifenol oksidez. Muddin goron na lafiya, kowanne yana ɓangarensa a cikin ƙwayar, ba sa haɗuwa. Haƙori ko wuƙa ne ke fasa abin da ya raba su, iska ta samu shiga, furotin ɗin ya shiga haɗa fenol da oksijin, launi ya fito. Shi ne dai ke baƙanta doya da dankali da yalo da ayaba bayan an yanka. Matar da ke feraye doya tana jefawa cikin ruwa, iska take tare masa. Irin wannan furotin, wanda ke gaggauta juyewar wani sinadari zuwa wani ba tare da shi kansa ya ƙare ba, shi ake kira enzayim.

Goron ne kuwa ya kafa Hausawa a Agege. Layin dogo daga Legas ya ratsa ta garin ya isa Ibadan a 1901, zuwa 1912 jirgi na kaiwa Kano. Gonakin koko da goro suka bunƙasa a kewaye, fatake suka yi zango kusa da tasha, suna saye suna ɗaurewa suna lodawa zuwa Arewa. Yau gonakin sun zama gidaje, amma zangon na nan da sarkinsa da masallatansa. Ga mayankar Oko-Oba, ga gidajen burodin da suka sa sunan Agege a bakin kowa, ga masu kunu da masu fura, ga tumatur da ake saro wa daga kasuwar Mile 12. Duk sana'ar da aka bi a hankali cikin waɗannan, za a tarar ɗayan biyu take yi: ko ta saki enzayim ya yi aiki, ko ta taka masa burki.

Yadda yake aiki

Yawancin enzayim furotin ne, wato dogon zare da aka ƙulla daga sinadaran amino asid iri 20. Zaren yana naɗewa ya ɗauki wata siffa tasa ta kansa, kuma a jikin siffar akwai ɗan gurbi wanda a nan aikin yake. Sinadarin da za a sarrafa ya shiga gurbin, a riƙe shi a daidai kusurwar da ta dace, a matsa masa ko a ja shi har mahaɗinsa ya yi rauni, ya tsinke ko ya haɗu da wani. Abin da aka samar ya fita, gurbin ya koma yadda yake, wani ya shigo.

Mutumin zango zai gane wannan idan ya tuna da dillali. Mai shanu na son sayarwa, mahauci na son saye, amma in aka bar su su kaɗai sai a wuni ba a daidaita ba. Dillali ya zaunar da su, ya sassauta wannan, ya lallashi wancan, ciniki ya faɗa, shi kuma ya miƙe ya nufi wasu. Bai ƙara wa saniyar ƙiba ba, kuma cinikin da ba mai yiwuwa ba ne ba zai tilasta shi ba. Haka enzayim yake. Kowane sauyi na sinadarai yana da wani shinge na kuzari da sai an haye shi kafin abu ya faru, aikin enzayim shi ne rage tsawon shingen.

Saurin da wannan ke haifarwa ya wuce misali. A 1995, Richard Wolfenden da abokiyar aikinsa a Jami'ar North Carolina ta Amurka sun auna wani mataki da jiki ke bi wajen gina kayan gado na ƙwayar halitta. Sun gano cewa in babu enzayim, sai an yi kimanin shekara miliyan 78 kafin rabin sinadarin ya juye, amma da enzayim ana gamawa cikin ƙasa da sakan ɗaya. Wani enzayim da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, kabonik anhaidirez, yana iya sarrafa iskar kabon dayoksaid kusan sau miliyan a sakan guda, kuma da taimakonsa ne jini ke kwashe wannan iska zuwa huhu. Kumfar da ke tasowa idan an zuba ruwan haidirojin a kan rauni a kemis, aikin katalez ne, yana farfasa ruwan zuwa ruwa zalla da oksijin.

Sanin wannan bai zo a dare ɗaya ba. Anselme Payen da Jean-François Persoz ne suka fara tsamo enzayim daga tsiron sha'ir a Faransa a 1833. A 1897 Eduard Buchner na Jamus ya niƙe yis ya tace ruwansa, ya nuna ruwan kaɗai na iya juya sukari ko da babu ƙwaya mai rai a ciki. A 1926 James Sumner na Amurka ya tabbatar da cewa enzayim furotin ne. Tun a 1894 Emil Fischer ya kwatanta enzayim da abin da yake sarrafawa da kwaɗo da mabuɗinsa, sannan a 1958 Daniel Koshland ya gyara kwatancen, ya nuna gurbin yana ɗan lanƙwasawa ya rungumi abin da ya shigo.

Wannan tsantseni na zaɓe shi ne ya raba cikin mutum da na saniya. Sitacin tuwo da ɓawon ciyawa duk daga sukari iri ɗaya aka gina su, gulukos. Bambancinsu yana ga yadda aka ƙulla ƙwayoyin sukarin. Amilez da ke cikin yawun mutum ya san ƙullin sitaci, shi ya sa lomar burodi ke yin zaƙi in an daɗe ana taunawa, amma ba ya iya taɓa ƙullin ciyawa. Abin mamakin shi ne ita ma saniyar ba ta da enzayim ɗin. Wanda ya tsaya inda ake wanke kayan ciki a Oko-Oba ya ga tumbi cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa mai ɗumi, to ɗakin renon ƙananan halittu yake kallo. Bakteriya da danginsu ne a ciki ke fitar da selulez su narkar da ciyawar, saniya ta rayu da abin da suka samar. Duk naman da ke fita daga mayankar, da duk nonon da ke cikin ƙwarya, bashi ne da waɗannan halittu ke bin mu.

Tukunyar kunun zaƙi

Babu inda sharuɗɗan aikin enzayim suka fito fili kamar wajen mai kunun zaƙi. Ta jiƙa geronta ko dawarta, ta kai markaɗe da citta da kanumfari, ta tace ta samu gasara. Sai ta raba biyu. Kaso mafi yawa ta sheƙa masa tafasasshen ruwa tana damawa har ya yi kauri. Ɗan ƙaramin kason kuma ta haɗa shi da markaɗaɗɗen dankalin Hausa ko tsiron hatsi, ta ajiye gefe. A nan ne gwaninta take. Idan 'yarta ta ɗauko haɗin za ta juye nan take, za ta ce mata, "Ke, dakata, bari ya sha iska tukuna." Bayan tiririn ya lafa, zafin ya ragu amma bai huce ba, sai a zuba a motsa. Cikin ɗan lokaci kunun da muciya ke tsayawa a cikinsa ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, zaƙi ya fito tun ba a sa sukari ba.

Kowane mataki yana da dalili. Tafasasshen ruwan yana kumbura ƙwayoyin sitaci su buɗe, yadda enzayim zai samu kai gare su. Dankali da tsiro suna ɗauke da amilez, wanda ke daddatsa dogon zaren sitaci zuwa guntayen sukari. Amilez ɗin tsirrai ya fi kuzari a zafin da ke tsakanin digiri 60 da 70. Da an jefa shi cikin abin da ke tafasa, naɗin furotin ɗin zai warware, gurbin ya lalace, kuma ba ya komawa, kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. In kuma an bari kunun ya yi sanyi ƙalau, aikin zai yi ta jan ƙafa. Kwanan da kunun ke yi a rufe shi ke ba bakteriya damar juya wani ɓangare na sukarin zuwa asid, a samu ɗan tsamin da ake so. Matar nan ba ta da ma'aunin zafi, tafin hannunta da idonta ne ma'auni, amma sakamakon da take samu kowace safiya ya yi daidai da abin da za a zana a allo a ajin kimiyya. Abin takaici ne a ce ɗanta da ke sakandare yana haddace wannan darasi da Turanci bai taɓa sanin a tsakar gidansu ake yinsa ba.

Ban da zafi, akwai tsami. Pepsin, mai narkar da nama a ciki, sai a cikin asid mai ƙarfi yake aiki, wajen 2 a ma'aunin tsami. Amilez ɗin yawu kuwa yana shiga wannan asid yake mutuwa. Da abinci ya gangara ƙaramin hanji sai a kashe tsamin, tiripsin da 'yan uwansa daga gaɓar ciki da ake kira fankiriyas su karɓi aiki. Enzayim ɗin jikin mutum an tsara su ne a kan zafin digiri 37 ko kusa da haka.

Sauran sana'o'in ana iya ratsa su da sauri. Mai burodi yana dogara da amilez ɗin fulawa ya samar wa yis sukari, enzayim ɗin yis su juya sukarin zuwa iskar da ke tayar da kwaɓi. Tun da hukumar NAFDAC ta haramta sinadarin buromet a burodi a zamanin Dora Akunyili, bitamin C da enzayim na daga cikin abubuwan da suka halatta a gyara kwaɓi da su. Mai girki da ke naɗe taurin nama a ganyen gwanda, papayin take aiki da shi, mai tsinka zaren furotin. Wara da matan Fulani ke sayarwa a ƙasar Yarabawa, da ruwan tumfafiya ake daskarar da madararsa, kuma enzayim ne a cikin ruwan ke yin aikin. Daddawa, wadda maƙwabta Yarabawa ke kira iru, kalwa ce da bakteriyar Bacillus subtilis ta farfasa furotin ɗinta, ɗanɗano da warin duk daga nan suke, kamar yadda binciken S. A. Odunfa a Jami'ar Ibadan ya nuna a farkon shekarun 1980. Mai kilishi kuwa akasin haka yake yi: ya shanya nama ya raba shi da ruwa, kuma enzayim ba ya motsi sai da ruwa.

Ɗan tumatur ne ya fi kowa shan wahalar enzayim. Tumatur na nuna yana fitar da enzayim masu narkar da sinadarin fektin da ke manne ƙwayoyinsa, shi ya sa yake laushi. Zafi na ƙara musu sauri, rauni na sakin su. Kwandon da aka ɗora a Kadawa ko Ɗanja, aka jibga wani a kansa, ya kwana biyu ko uku a hanya cikin rana, ya haɗa musu duk abin da suke so. Abin da ake zubarwa a Mile 12 kowace safiya shaida ce. Akwatin roba mai ramuka da ke hana na sama danne na ƙasa, da inuwa, da sanyi, su ne magani, kuma dalilinsu a kimiyyance a bayyane yake.

Rogo da gubarsa

Hausawan Legas sun daɗe da karɓar gari da teba a matsayin abincin gida, don haka batun rogo ya shafe su kai tsaye. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo. A cikin ƙwayoyinsa akwai sinadarin linamarin, a jikin bangon ƙwayar kuma akwai enzayim mai suna linamarez. Suna haɗuwa ake samun sayanaid, guba mai kisa, wadda ita ma ta hanyar toshe wani enzayim take kashewa, wanda ƙwayoyin jiki ke amfani da oksijin ta hanyarsa. Tsiron ya tanadi wannan ne don kare kansa daga masu ci.

Dabarar masu yin gari ita ce su sa gubar ta fito tun a waje. Gurzawa tana haɗa linamarin da enzayim ɗinsa. Kwanakin da ake bari a buhu a ƙarƙashin danni suna ba shi lokacin gama aiki, ruwan gubar na tsiyayewa. Suya a kasko tana kore ragowar ta bi iska. Wanda ya gaggauta, ya gurza yau ya soya yau don kasuwa na jira, ya kashe enzayim da wuta tun bai gama ba, ya bar linamarin a cikin garin. Ƙa'idar abinci ta duniya ta sa iyakar miligiram 10 na sayanaid a kowane kilo na garin rogo.

Jiki yana da tasa kariyar. Enzayim mai suna rodaniz a hanta yana ɗaure sayanaid da sinadarin farar wuta ya mai da shi abin da ke fita ta fitsari. Amma farar wutar daga furotin ɗin abinci take zuwa, daga nama da kifi da ƙwai. Shi ya sa illar rogo ta fi faɗa wa talaka. A shekarun 1960, Farfesa B. O. Osuntokun na Ibadan ya yi nazarin wata cutar jijiya a yankin Ijebu, mai kawo tangaɗi a tafiya da raunin gani da ji, ya danganta ta da yawan cin rogo tare da ƙarancin furotin.

Akwai kuma fuskar tattalin arziki da bai kamata a tsallake ba. Da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun lemon malt da makamantansu sun koma ga dawar Arewa. Sai dai tsiron dawa ba shi da isasshen nau'in amilez da ke fitar da sukarin maltos, don haka aka riƙa cike giɓin da enzayim na kwalba, wanda akasari daga kamfanonin waje ake sayo shi. Dawar tamu ce, enzayim ɗin na wasu. Cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO tana Oshodi tun 1956, tafiyar 'yan mintoci a jirgin ƙasa daga Agege, kuma halittun da ke samar da irin waɗannan enzayim suna nan a daddawa da gari da nono. A ganin wannan maƙala, samar da enzayim na masana'antu a cikin gida aiki ne da ya cancanci kuɗin bincike na gaske.

Inda ido ba ya gani

Duk misalan da suka gabata suna da abu ɗaya: in an yi kuskure ana gani. Kunu ya ƙi tsinkewa, goro ya baƙanta, gobe a gyara. A cikin jiki babu wannan gata.

Ɗauki fiya-fiya. Sinadarin da ke cikinta, daikulobos, yana kashe ƙwaro ne ta hanyar manne wa gurbin wani enzayim da ke tsakanin jijiya da tsoka. Aikin wannan enzayim shi ne share saƙon da jijiya ta aika da zarar an isar da shi, sau dubbai a sakan. Idan aka toshe shi, saƙon ba ya yankewa: yawu ya yi ta dalala, gumi ya keto, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da majina, numfashi ya gagara. Enzayim ɗin da ke jikin ƙwaron wake irinsa ne a jikin mutum. Ɗan kasuwar da ke yayyafa ta a buhun wake ko a busasshen kifi, da magidancin da ke fesa ta a ɗaki ya rufe ƙofa da yara a ciki, ba mugunta ce ke sa su ba, ba a taɓa yi musu wannan bayani ba ne. A 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wannan sinadari a kasuwanni, amma doka kaɗai ba ta isa ba. Ga mai ajiyar wake akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon guba ba. Wanda kuma ya sha ko ya shaƙa, manja da madara ba sa buɗe enzayim ɗin da aka toshe. Asibiti za a nufa da shi, inda ake da allurar atirofin.

Wannan dabara ta toshe enzayim ita ce kuma tushen magunguna da dama. Asfirin yana tare enzayim mai haɗa sinadaran ciwo da kumburi, kamar yadda John Vane ya nuna a 1971. Fenisilin yana tare wanda bakteriya ke gina bangonta da shi, ita kuma bakteriyar da ta saba da rabin magani takan zo da nata enzayim mai farfasa fenisilin ɗin. Tsinken gwajin sukari da masu ciwon suga ke amfani da shi enzayim ne a kansa. Gwajin da ya tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya, a ɗakin gwaje-gwajen asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba a ranar 27 ga Fabrairu 2020, da enzayim masu kwafar kayan gado aka yi shi.

Batun da ya fi damun mai wannan maƙala shi ne na wani enzayim da ake kira G6PD. Aikinsa shi ne samar wa jajayen ƙwayoyin jini abin da suke kare kansu da shi daga sinadarai masu cin su. Sauran ƙwayoyin jiki suna da wasu hanyoyin, jar ƙwayar jini ba ta da wata sai wannan. Kimanin mutum miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancinsa. Gado ne da ke bin ƙwayar halittar X, don haka ya fi bayyana a maza, kuma ta wajen uwa ɗa namiji ke samunsa. A Nijeriya, nazarce-nazarce daban-daban sun sa adadin a wajen namiji ɗaya cikin biyar ko shida. Dalilin yawansa a nan shi ne zazzaɓin cizon sauro: Lucio Luzzatto da abokan aikinsa a Ibadan sun nuna a 1969 cewa ƙwayar cutar ba ta jin daɗin zama a ƙwayar jinin da ke da wannan ƙaranci.

Mai wannan ƙaranci lafiyarsa ƙalau, yana iya tsufa bai sani ba. Matsalar tana tasowa ne ranar da ya haɗu da abin da ke cin ƙwayar jinin: wasu magunguna irin su firimakwin, ko wata cuta mai zafi, ko kafur. Sai ƙwayoyin su farfashe da yawa a lokaci guda, fitsari ya yi duhu, ido ya yi ɗorawa.

A jariri abin ya fi muni, domin enzayim na biyu ya shigo cikin lissafin. Fasassun ƙwayoyin jini suna barin wani sinadari mai launin ɗorawa, bilirubin, wanda hanta ke da enzayim na musamman don kawar da shi. A kwanakin farko na haihuwa wannan enzayim bai gama ƙarfi ba. Idan bilirubin ya taru ya wuce kima, yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa. Jariri ya ƙi kama nono, ya yi ta kuka mai tsini, ya banƙare. Wanda ya rayu yakan tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har ƙarshen rayuwarsa.

A duba yadda ake shirya wa haihuwa a ɗakunan zango. Kayan jariri an wanke an goge tun wata bakwai, an jera a akwati, an watsa ƙwallayen kafur a tsakani don ƙwari da ƙamshi. Ranar da aka dawo daga asibiti, daga wannan akwatin ake ciro riga da hula da zanen goyo. Ana shafa man zafi a cibiya, ana barbaɗa hoda mai mentol. Duk ƙauna ce da tsafta. Amma sinadarin naftalin da ke cikin ƙwallayen yana shiga ta numfashi da ta fata. A nan Legas aka yi ɗaya daga cikin nazarin farko a kan wannan haɗari: a 1980 S. A. Olowe da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, sun wallafa binciken da ya danganta shafa kayan mentol da tsananin ciwon shawara, wato taruwar bilirubin, a jariran da ke da ƙarancin G6PD. An kuma samu rahotannin likitoci daga ƙasashen Larabawa a kan lalle da aka sa wa irin waɗannan jarirai.

Magani yana nan, kuma ba mai tsada ba ne in an zo da wuri. Shuɗin haske na asibiti yana juya bilirubin zuwa siffar da jiki ke iya fitarwa ba sai ta bi ta enzayim ɗin hanta ba. A 2015 an wallafa gwajin da Tina Slusher da Bolajoko Olusanya da abokan aikinsu suka yi a asibitin haihuwa na Island Maternity, inda suka nuna hasken rana da aka tace ta wata leda ta musamman, a ƙarƙashin kulawar ma'aikata, yana aiki ga shawarar da ba ta yi tsanani ba. Wannan daban yake da shanya jariri a hantsi a tsakar gida, wanda ke iya ƙona shi ya kuma ɓata lokaci. Ruwan gulukos da jiƙon gwanda ba sa rage bilirubin. Tun 1989 wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a riƙa gwada dukkan jarirai a duk inda ƙarancin G6PD ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na maza. Nijeriya ta ninka wannan adadi, amma gwajin bai zama ruwan dare a wuraren haihuwa ba.

Don haka maƙalar ke roƙon likitoci da malaman jinya da malaman makaranta su kai wannan bayani inda ake buƙatarsa, da Hausa: wajen awon ciki, wajen ungozoma, a makarantun Islamiyya na matan aure, da bakin limamai ranar suna. Ana kuma kira ga hukumomin lafiya na Jihar Legas su sa gwajin G6PD cikin abin da ake yi wa kowane jariri kafin a sallami mai jego. Kafin hakan ta samu, iyaye mata da kakanni su raba kayan jariri da kafur, su bar cibiya babu man zafi, su riƙa duba farin idonsa da dasashinsa a hasken rana kowace safiya a makon farko. In an ga ɗorawa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira suna.